Layi Biyu a Fitsarina

Na san sunan da kunka tashi kuna jin ana kirana da shi a garinmu Kashin Zama: Ummaru Kwance. Ba ku taɓa tambayata dalili ba, ni ma ban taɓa zaunar da ku na faɗa ba, saboda na gaji da bayanin da ba a yarda da shi. Yanzu kun girma, kai Nasiru ka ajiye iyali, ke Hadiza kina ɗakinki, to gara ku ji daga bakina. Aji biyu na sakandare na tsaya, rubutuna ba shi da kyau, kuma ban ba kowa ya gyara mini ba. Ku karanta shi yadda yake.

Muna yara kowa ya yi tsargiya. Duk yaron da ke wanka a tafkin fadama sai ya yi fitsarin jini, manya su yi dariya su ce namiji ya fara zama namiji. Tawa ta ɗauke da kanta, na manta da ita. Sai da na yi aure, ina cikin ƙarfina, jikina ya fara cin amanata. Ciki ya murɗa, zawo ya zo ya tafi, wani lokaci da ɗan jini, ga wata kasala da ban san yadda zan kwatanta muku ita ba, kamar an zare mini ƙashin baya an bar fata. In na shiga albasa na gyara fangali biyu, sai gwiwa ta ƙi, dole in nemi gindin mangwaro in miƙe. Wana, Yaya Sahabi, wanda muke raba fadamar gidanmu da shi, shi kuwa yana iya wuni a duƙe. Shi ya fara cewa da mutane, "In kuna neman Ummaru ku duba ƙarƙashin icce, shina can kwance." Daga nan sunan ya kama ni, ya fi rigata zama a jikina.

Kada ku ce ban nemi magani ba. Na sha na shawara, na sha na basir, na sha na taifod har na haddace launin kwalinsa. Asibiti kuwa na je nan kusa, na je nesa. Kullum abu ɗaya: a ba ni 'yar kwalba in kawo kashi, a shiga da shi ɗaki a duba a madubin likita, a fito a ce, "Malam, ba komai." Wannan kalma ita ta fi ciwon ci mini rai. Ku dubi yadda muke da ita. A taka maka ƙafa, ka ce ba komai. A cinye maka hakki, a taru a ce ka ce ba komai. Ni kuma cikina yana juyawa, mai farar riga ya dube ni ya ce ba komai, in dawo gida a tambaye ni mi anka gani, in maimaita da bakina. Kowace zuwa asibiti sai ta zama shaida a kaina. Kakanku, Allah ya jiƙan shi, saura wata biyu ya rasu ya kira ni ya ce:

"Ummaru, in noma na ba ka so, ka hwaɗi. Ba sai ka yi wa Allah ƙaryar ciwo ba."

Da wannan maganar anka binne shi. Tun ranar na rantse a raina ba zan ƙara ce wa ɗan Adam ba komai ba, ko ruwa ya zuba mini a ƙafa. In kun san ni da baƙar magana, to ga inda ta fito.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwa ya ɗauke, mun zuba irin albasa ya tashi kore shar, saura kwanaki a fara dashe. Uwarku Luba ta tafi suna garinsu Giwa Tazo, ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

"Malam, an kawo wani sabon awo Jega, na mutanen fadama. Matar ƙanena ta ce ba kashi suke nema ba, hitsari."

"Shekara ashirin ina kai musu kashi ba su ga komai ba, yanzu hitsarina suke so? Gobe sai su ce in kawo majina."

"In sun ce ka kawo, ni zan riƙa maka kwanon. Jibi za ka tahi."

"Ba ni zuwa."

"To jibi ba ni dahuwa."

Kun san uwarku. Jibi na tafi.

A wani ɗan ɗaki bayan asibitin na sami matar da ke awon. Sunanta Rifkatu, kowa Sista yake ce mata, Kirista ce daga ƙasar Zuru, gajera, Hausa a bakinta ta fi tawa kaifi. Ta miƙo mini kwalba ta nuna mini bayan gida. Da na fito sai kunya ta kama ni, namiji da furfura a gemu zai miƙa wa mace fitsarinsa hannu da hannu. Na naɗe kwalbar a leda na ɓoye a bayana ina kallon rufi.

"Malam Ummaru, ba kayan lefe ka kawo mini ba. Miƙo."

Ta ɗauko wata 'yar farar roba, tsawon yatsa, da 'yar taga a tsakiya. Ta rubuta sunana a kai, ta ɗiga fitsarin a bakinta, ta duba agogo.

"Za mu jira. Layi ɗaya zai fito, wannan na robar ne, yana nuna tana aiki. In na biyu ya fito, naka ne."

Ni dai na san abin da za a ce. Na gyara hulata, na sa takalmi ɗaya, ina shirya baƙar maganar da zan bar mata. Sai na ga ta sunkuya, ta turo robar gabana. Layi biyu, ja wur, kamar an shimfiɗa zare biyu.

"Akwai," in ji ta.

"Akwai mi?"

"Tsutsa. Masu rai, kuma ba kaɗan ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na buga hamdala da ƙarfin da sai da masu jira a baranda sunka leƙo. Dariya ta kama ni, hawaye na zuba, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani tsoho mai sanda ya kama hannuna yana murna.

"Barka, barka! Namiji ko mace?"

"Tsutsa, Baba! Tsutsa anka samu!"

Ya saki hannuna ya ja baya yana salati. Sista ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce tun da take aiki ba ta taɓa ganin wanda anka faɗa wa cuta ya yi biki ba.

Da na natsu ta yi mini bayani, kuma ita kaɗai ce a rayuwata ta yi mini bayani kamar ina da kai. Ta ce tsargiya iri biyu ce a ruwanmu. Wata tana zama wajen mafitsara, ita ce ta fitsarin jini. Wata tana zama a jijiyoyin hanji, ita ce ke cina. Dukansu daga katantanwar ruwa suke fitowa su huda fata. Madubin da anka yi ta duba ni da shi ƙwan tsutsar yake nema a kashi, in ciwo ya tsufa kuma ƙwan ba kullum yake fita ba, sai a duba a rasa. Wannan robar kuwa ba ruwanta da ƙwai. Tsutsar jini take sha, in ta sha ta amayar da saura, aman nan shi ke bin jini ya fita a fitsari, shi robar ke kamawa.

"Mai rai ce kaɗai ke amai," in ji ta. "Shi ya sa abin da ya nuna mana ciwon, shi zai nuna mana ko magani ya kashe su. Waɗanda suka duba ka a baya ba ƙarya suka yi ba, ba su gani ba ne."

Na ce mata to ni ma ba ƙarya na yi ba, amma ni anka sa wa suna. Na roƙi ta ba ni robar in kai gida. Ta ce in ta bushe layin yana canzawa, ba ya zama shaida, sai dai ta ɗauki hoto a wayarta. Ta ɗauka. Tawa wayar kuwa ko hoto ba ta nunawa. Sannan ta ɗora ni a sikeli, ta ƙirga mini wasu manyan ƙwayoyi farare, ta ce sai na ci abinci na ƙoshi kafin in sha. Daga nan ta faɗi sharaɗin da ya sa dariyata ta tsaya.

"Bayan sati huɗu ka dawo a sake awo. Amma daga yau har mu gama, ƙafarka kada ta taɓa ruwan tafkin nan. In ka shiga, layi ya sake fitowa, ba zan san tsofaffin ne suka ƙi mutuwa ko sababbi ka kwaso ba."

"Sista, dashe za a hwara."

"Na sani. Zaɓi naka ne."

Ku da kunka san aikin, kun san babu dashe ba shiga ruwa. Bakin tiyon injin ban ruwa a cikin tafki ake kafa shi, ruwa har cinya, fangali kuma a jiƙe ake dasa shi.

Na iso gida da la'asar na tarar da Yaya Sahabi a tsakar gida wurin Inna, kakarku. Na faɗi abin da anka gani, da sharaɗin. Ya saurara har na gama, ya miƙo hannu.

"Ina takardar?"

"Tana cikin wayar matar."

"To madalla. Da kwanciyar taka ce, yanzu ta samu izinin likita. Ji nan, Ummaru, iri ba ya jiran kowa. Ko ka shiga da mu ranar Asabar, ko in ba wani rabinka ya noma bana."

Ya fita ya bar ni da Inna. Ta daɗe tana tsince wake, sannan ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Yayanka yana da gaskiyar iri. Kai kuma ban sani ba. Ni dai na haihe ka ba raggo ba."

Iyakar abin da na samu ke nan daga gare ta, kuma ya fi abin da na saba samu. Na shiga ɗaki na ce wa uwarku ta faɗi nata, tunda da ita za a sha wuyar.

"Albasa kowace shekara ana yi, Malam. Bana miyarmu ta yi haƙuri."

Ranar Asabar na ɗauki irina da hannuna na kai wa mutumin da Yaya ya ba gonar. Na dawo ta gaban majalisa, wani ya ce, "Kwance, an ba ka hutu?" Na ce masa hutun da ubansa bai samu ba. Kuma don ku sani, albasar shekarar ba a yi irinta ba kusa, kowace kamar dunƙulen hannu. Ina zaune ina kallon motoci suna lodi a Aliero, ko ƙwaya ɗaya babu tawa. Har yau in na tuna sai na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba.

Maganin ɗaci gare shi, ranar da na sha ɗaki ya yi ta juyawa da ni, ciki ya yi kamar ana yaƙi. Kwana biyu sai ya lafa. Bayan sati biyu wani abu ya faru da na manta yadda yake: yunwa. Na ci malmala uku na leƙa tukunya. Uwarku ta fara ɓoye rabon yara a ɗakin Inna, tana cewa tsutsotsin sun mutu sun bar mata gadon cikinsu. Da safe in na tashi sai in ji ƙafafuna nawa ne. Tunda an hana ni ruwa, sai na faɗa wa katangar gidan nan da ta shekara huɗu a rushe. Da ruwan rijiyar burtsatse na kwaɓa ƙasa, na gina ta ni kaɗai, ina waƙa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambayi uwarku ko baƙo munka yi.

Sati huɗu na cika na koma Jega ina taƙama. Sista ta ɗiga, munka jira. Layin farko ya fito. Na biyu ban gan shi ba. Na fara miƙewa, sai ta ɗauki robar ta je bakin taga ta karkata ta ga haske.

"Zo ka gani."

Wani ɗan dishi-dishi ne, kamar sawun zare a kan fata.

"Haba Sista, wannan ai inuwa ce. Na warke. Katanga na gina."

"Sun ragu sosai, amma da saura. Ƙananan da ba su girma ba magani ba ya kama su da kyau, yanzu sun girma. In na sallame ka a kan katanga, baɗi war haka kana gindin mangwaro."

Ta sake ɗaukar hoto, ta sake ƙirga mini ƙwayoyin, ta ƙara mini sati huɗu. Wannan ya fi na farko wuya, don a lokacin ina da ƙarfi, kuma akwai sauran dashen baya da mutum zai iya kamawa. Wata rana da hantsi ƙafata ta kai ni bakin tafki. Na tuɓe takalmi. Ruwan kwance, sanyi, ana jin inji yana aiki a ƙetare. Na tsaya har rana ta fara cizon wuyana, ina tunanin wannan ɗan layin da ko gani ba a yi sai an karkata. Na ce a raina, shekara ashirin ina neman wanda zai faɗi gaskiyar jikina, yau na samu, ni zan rikita masa shaida? Na mai da takalmina.

Ranar awo na uku ta faɗo ranar kasuwar Jega. Yaya Sahabi ya tada babur ya ce in hau. Na san ba tausayi ba ne, so yake ya ji da kunnensa. Ya shiga ɗakin tare da ni, ya tsaya ya harɗe hannu. Sista ta ɗiga, ta duba agogo. Lokaci ya cika ta kai taga, ta karkata dama, ta karkata hagu, ta kira wani abokin aikinta shi ma ya duba. Sannan ta juyo tana murmushi.

"Malam Ummaru, ba komai."

Kalmar nan da na tsana. Na ji ta shiga kunnena kamar ruwan sanyi. Yaya kuwa ya tafa hannu.

"To! Shekara ashirin ana hwaɗa mai haka, Sista. Wanga karon albasar shekara guda ta tahi a kai."

Ba ta yi gardama da shi ba. Ta buɗe wayarta ta ajiye a tebur kusa da robar yau. Ga hoton farko, sunana a rubuce, layi biyu ja wur. Ta ja da yatsa, ga na biyu, layi da inuwarsa. Ga ta yau, layi ɗaya tal.

"Wannan mutum ɗaya ne, Alhaji, cikin wata biyu. Na farkon nan, da shi yake shiga gona tun ban fara aiki ba. Ban san yadda yake gyara fangali biyu ba." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ruwan nan kake shiga, ko?"

"Ni lahiyata lau."

"To ba abin tsoro." Ta miƙa masa kwalba.

Ban taɓa jin daɗin zama a kan benci kamar na ranar ba. Ya fito da kwalbar a naɗe cikin leda, a bayansa, yana kallon rufi. Na ce masa, "Yaya, ba kayan lehe ba ne." Nasa layin na biyu ko jiran agogo bai yi ba.

Munka kama hanyar komawa. Mun wuce rabin hanya sai ya sauka daga kwalta ya kashe babur a gindin wata bishiyar bedi. Bai juyo ba, yana riƙe da kan babur ya ce:

"Shekara biyu ke nan nima cikina na murɗawa. In ya taso sai in zagaya bayan inji in zauna, in ce mai nike dubawa. Tsoro nike a gan ni kwance. Shekara biyu kawai, Ummaru. Kai ashirin. Kuma ni na sa Baba ya... Ka yahe mini."

Na san amsar da ake bayarwa a nan, kowa ya san ta, ta zo har bakina da kanta. Na haɗiye ta.

"Da komai, Yaya. Da komai ƙwarai. Baba ya tahi da ita, ba mai kai mai hoton nan. Amma na yahe."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da hannun riga, ya tada babur. Da munka iso bai bari na buɗe baki ba. Shi ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa Inna abin da anka gani, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji ta kan sabuwar katangata, har da nasa layin. Inna ta saurara, ta dube ni, ta kira sunana ba tare da komai a bayansa ba. Uwarku ta yi guɗa ɗaya, ta ce yau za a ci miya da albasa ko ta aro ce. Yaya ya aika gidansa anka kawo kwandon albasa.

Shi ma ya sha maganinsa ya yi zamansa na wata biyu, ni na yi masa ban ruwan ƙarshen kaka da dogayen takalman roba har gwiwa, tiyon kuma munka ɗaure shi a gora muna tura shi daga tudu. Mutane sun yi mana dariyar takalman, yanzu rabin fadama da su ake shiga. Duk shekara bayan an kwashe albasa muna hawa babur mu biyu mu kai kwalabenmu, don ruwan bai canza hali ba.

Sunan bai mutu ba, suna ba ya mutuwa a ƙauye. Jiya ma wani ya kira ni da shi a bakin masallaci, na amsa. In kun ji an faɗa, kada ku yi faɗa da kowa. Ku ce su je su tambayi Sahabi, shi ya raɗa, kuma yanzu shi ya fi kowa iya ba da labarin.